Kawu Mai Kunkuru

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa ban iya zama wuri ɗaya ba. In na zauna kusa da Inna, matarsa, sai in miƙe in nufi madafa. In na isa madafa sai in rasa abin da ya kai ni. Gidansa na Dutsin-Ma ya cika har soro, maza a waje ƙarƙashin rumfa, mu mata a ciki. Kowace ta shigo sai ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Malam." Inna ta gyaɗa kai kawai.

Bayan la'asar, babban kunkurun gidan ya ture langa-langar da aka tare kunkurayen Kawu da ita a bayan ɗaki, ya fito tsakar gida. Girmansa ya kai daron wanki a kife. Bai kula kowa ba, ya hau tabarma ya nufi kwanon kwaɗon zogale da wata maƙwabciya ta kawo. Mata suka watse. Wata tsohuwa da ta zo daga Kurfi ta bar takalminta ɗaya tana ta salati. Inna, wadda tun safe ba a ji muryarta ba, ta dube shi ta ce, "Ku bar shi ya ci. Tun jiya ba wanda ya tuna da shi." Ta ɗan yi dariya, daga nan kukan da ta wuni tana dannewa ya ƙwace mata.

Ina kai ruwa bakin soro maganganun maza suna shigo mini kunne. Wani dattijo daga Kutawa yana cewa, "Shekara da shekaru muna shan shayi da Malam, ban taɓa ganin ya shanye kofi a zaune ba." Maƙwabcin Kawu mai sayar da hatsi ya ce, "Mutumin kirki ne wallahi, ba shi da abokin faɗa. Kunkurayen nan ne dai Allah Ya jarrabe shi da su." Aka yi 'yar dariya ta makoki, wadda ba ta fita da ƙarfi. Can sai na ji wani ya tambaya, "Wai mi yake yi da su ne? Magani yake haɗawa?" Aka yi shiru. Daga baya wani ya ce, "Binciken 'yan boko ne dai." Maganar ta mutu a nan, aka koma zancen damina.

Wannan shirun ya tsaya mini a rai. Mutum ya ƙare rayuwarsa a kan abu, ga ɗaruruwan masoyansa sun taru, amma ba mai iya faɗin mene ne abin. Ni na sani, ba don na yi karatu mai zurfi ba, sai don ya nuna mini a lokacin da nake matuƙar buƙatar a nuna mini. Shi ya sa nake rubuta wannan, tun abin bai dushe mini ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Su uku aka haifa a wani gidan manoma a Kurfi: Kawu Babba, sai shi, sai mahaifiyata auta. Kawu Babba ya riƙe gona da karatun zaure. Shi kuwa aka sa shi boko, ya zama malamin ilimin halittu a makarantun sakandare, ana ta yi masa canjin wurin aiki daga wannan gari zuwa wancan, har ya zo ya kafa gida a Dutsin-Ma. Yana tsakiyar shekarunsa ya koma jami'a neman babban digiri. A can wani malaminsa ya ji yana ba da labarin manyan kunkuraye da yake gani a dajin Barkiya tun yana yaro, sai ya ɗora shi a kan aikin da ya riƙe shi har ƙarshen ransa, wato bin diddigin yadda wani ɗan nama da ke manne da ƙoda yake ginuwa a jikin ɗan kunkuru tun yana cikin ƙwai.

Duk wanda ya san Kawu ya san ba ya zama. A tsaye yake karin kumallo. In ya zo gaishe ka, kafin ka gama shimfiɗa masa tabarma ya fara sallama. In yana magana yana zagaya tsakar gida, makullai na ƙara a aljihunsa, kai kuma kana juya wuya kana bin sa. Tsoffin ɗalibansa sun ce haka yake a aji, daga allo zuwa bango, daga bango zuwa taga, yana cewa, "Ku farka, jini ba ya son zama." Wuri biyu kawai na san yana natsuwa: in ya kabbara salla, da in ya ɗora ido a kan madubinsa na ƙara girman abu.

Mutane suna son tsokanarsa da cewa Allah Ya haɗa mai gaggawa da mai nawa. Ba ya son wannan wasan. "Wa ya ce maku kunkuru na da nawa?" yake cewa. "Ba ku taɓa ganin shi ya hango yakuwa ba ne." Inna kuwa ta gani. Sau nawa ta shuka yakuwa da alayyafo a bayan ɗaki, ta wayi gari ta tarar da kara kawai, kunkurayen sun cinye. Ta taɓa ce masa ko ya fitar da su ko ita ta fita. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, gobe zan gina katanga." Ya gina kuwa, da hannunsa, cikin sauri kamar yadda yake komai, ruwan farko ya rushe ta.

Rigimar da ta fi girma a rayuwarsa da yayansa ya yi ta. Ban gani da idona ba, mahaifiyata ce ta ba ni labari, ita da abin ya fi ci.

Aikin Kawu yana buƙatar ƙwai. Macen kunkuru takan haƙa rami da ƙafafun baya bayan damina, ta zuba ƙwai ta rufe, su yi watanni a ƙasa. Kawu yakan tono ɗaya lokaci zuwa lokaci, ya fasa, ya ciro ɗan tayin, ya jiƙa shi a magani, ya yayyanka shi sirara fiye da ɓawon albasa, ya jera a kan gilasai ya duba. Labari ya kai Kurfi. Wata Sallah ya je gaisuwa, ana zaune a ƙofar gida da dattawan unguwa, shi yana tsaye kamar kullum, sai Kawu Babba ya ce masa:

"Malam, an ce ƙwan kunkuru kake fasawa da ɗa a ciki."

"Haka ne, Yaya."

"Ci kake yi?"

"A'a."

"Magani ne?"

"Dubawa nake yi."

"Ka kashe rai don ka duba. In Mai shi Ya tambaye ka, mi za ka ce?"

Kawu ya ce, "Zan ce aikinSa na tsaya na kalla da kyau, don in ƙara sanin girmanSa."

Kawu Babba ya ce, "Girman Allah ba ya buƙatar wuƙarka."

Da a nan aka tsaya da an sha fura an watse. Amma Kawu, da bakinsa ya fi tunaninsa sauri, ya ce, "Kai Yaya, duk abin da ba ka sani ba haram ne gare ka." A gaban mutane, ga yayansa da ya yi noma ya ciyar da gida lokacin da shi yake makaranta. Kawu Babba ya tashi ya shige gida. Kawu ya hau babur ya dawo Dutsin-Ma ko abincin Sallah bai ci ba.

Shekaru suka wuce ba sa haɗuwa sai a jana'iza, su yi musabaha kowa yana kallon gefe. Mahaifiyata ta yi ta zirga-zirga tsakaninsu har ta gaji. Kawu Babba ya ce shi bai riƙe kowa ba, ƙofarsa a buɗe take. Kawu ya ce zai je ya ba da haƙuri kan kalmar da ya faɗa, amma ba zai je a ce masa ya bar aikinsa ba, kuma ya san da zarar ya je abin da za a ce ke nan.

Yadda rigimar ta ƙare Inna ce ta ba ni. Aikin ya zo gangara, saura kashi na ƙarshe, wato duba ɗan tayin da ya kusa ƙyanƙyashewa. Na farko-farko da yake fasawa ba su da siffa, kamar gudan jini suke. Wata safiya cikin bazara, hadari ya fara haɗuwa a gabas, ya tono ƙwai ɗaya ya shiga ɗakinsa. Jim kaɗan Inna ta ga ya fito ya nufi buta yana wanke hannu. Ya wanke, ya zagaya tsakar gida, ya dawo ya sake wankewa.

Ta ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Hajiya, ya gama zama kunkuru. Da ƙoƙon bayansa da komai, kamar murfin kwalba. Na taɓa shi da hantsaki, sai ya janye kansa ciki." Sannan ya ce, "Tsorona ya ji. Abin da nake nema in gani a gilashi ke nan, ga shi ya nuna mini da kansa."

Ya rufe ƙwan da jiƙaƙƙiyar auduga ko zai rayu, bai rayu ba. Sauran ƙwan bai ƙara taɓa su ba. Washegari ya hau babur sai Kurfi, ya iske Kawu Babba a gona yana sharar shuka. Ya tsaya a bakin gona ya yi sallama, ya ce, "Yaya, na bari. Kuma ka yafe mini maganar da na faɗa." Kawu Babba bai ɗago kai ba. Ya miƙa masa manjagara, shi ya ɗauki gatari. Suka yi ta aiki har azahar, suka yi salla a gindin gawo, suka ci ɗumamen da aka kawo wa mutum ɗaya.

Digirin bai kammalu ba. Malaminsa ya aiko a kira shi, ya ce saura ƙiris, kada ya zubar da wahalar shekaru. Kawu bai koma ba. Kuma kada wani ya ɗauka ya sami kwanciyar hankali da hakan. Har ya tsufa, in abin ya motsa masa, sai ka gan shi yana zagaya gida yana cewa, "Saura ƙiris fa. Saura ƙiris." Na taɓa tambayarsa ko ya yarda Kawu Babba ne mai gaskiya. Ya ce, "A'a, ɗiyata. Masu yin aikin nan ba azzalumai ba ne, da irinsa aka gano magunguna da yawa. Ni dai hannuna ne ya ƙi." Daga nan ya koma kiwo kawai. In ya ji mafarauci ya kama kunkuru a wajen Dabawa ko Barkiya, sai ya je ya yi ta lallashi har a bar masa. In 'ya'yan sun ƙyanƙyashe sun yi ƙwari, ya kai su daji mai nisa da hanya ya saki.

Ni kuwa rabona da shi ya zo ne ta hanyar da ban so ba.

An aurar da ni a wani ƙauye kusa da Barkiya, muna zaune lafiya da maigidana, yana noma yana ɗan kiwo. Wata damina da dawa ta yi tsawo, da rana tsaka, ina shanya wanki, sai na ji ƙarar babura da yawa lokaci guda, sannan harbi. Ban san sanda na saɓi 'yata ba. Ban san sanda na tsallake dangar da ko da wasa ban taɓa tsallakewa ba. Na tsinci kaina a tsakiyar gonar dawa, kwance tsakanin kunyoyi, hannuna a kan bakin yarinya. Allah Ya tsare mu, maigidana ma ya tsira, shanu ne suka tafi. Maƙwabciyata da muke daka tare ba ta tsira ba.

Kawu ne ya zo da kansa ya ɗauke mu, ni da yarinya, ya kawo mu gidansa, maigidana ya tsaya ya ga abin da za a iya cirewa a gona. Na zo Dutsin-Ma jikina ba ko ƙwarzane, amma na zama wata iri. Da zarar na ji ƙarar babur sai gabana ya yanke ya faɗi, zuciya ta hau bugu kamar za ta fasa ƙirji, hannu ya yi sanyi, gumi ya karyo, baki ya bushe. Sau da yawa sai dai a tsince ni a bayan randa, ko a maƙale a lungun ɗaki. A gari kuwa ina za ka guje wa babur?

Mata masu zuwa dubiya kowa da abin da take faɗa. Wata ta ce iska ce ta shafe ni a gonar. Aka kawo turaren hayaƙi, aka kawo rubutu, na sha. Wadda ta fi yi mini ciwo wata dattijuwa ce daga dangin maigidana da ta ce, "Ke kaɗai aka kora? Ƙarancin tawakkali ne. Mai imani ba ya wannan firgita." Na ɗauki maganar na riƙe. Na shiga ganin ko sallata ma ba ta karɓuwa. Na daina faɗa wa kowa in abin ya zo, sai in shige banɗaki in jira ya wuce.

Wata hantsi abin ya kama ni a tsakar gida, na zube a gindin turmi ina haki. Da na dawo hayyacina sai na ga Kawu tsaye a kaina. Bai ce sannu ba. Ya ce, "Taso, ɗiyata. Zo ki ga wani abu."

Ban taɓa shiga ɗakin aikinsa ba sai ranar. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebur a bakin taga, madubin ƙara girman abu a kai, irin tsohon nan mai ɗan madubi a ƙasa da ake juyawa ya kamo hasken rana. Ya buɗe wani akwatin katako cike da siraran gilasai, ya zaɓi ɗaya ya sa, ya murɗa ya murɗa, ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Da farko gashin idona kawai nake gani. Can sai fili ya buɗe, ruwan hoda-hoda, da wasu ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa a warwatse kamar an yayyafa garin kuka.

"Kin ga masu duhun nan?"

"Na gani, Kawu."

"Wannan ɗan kunkuru ne da bai taɓa ganin rana ba. Ko idonsa bai gama haɗuwa ba. Wurin da kike kallo kusa da ƙodarsa ne. Ke ma kina da irinsa, guda biyu, kowace ƙoda da nata."

Ya leƙa waje ya ce Inna ta miƙo faifai da ɗan gero da dawa. Ya zuba geron a tsakiya. "Waɗannan 'yan gida ne. Ƙwayoyin halitta ne da ake ƙirƙira a nan gefen ƙoda, nan aka haife su, nan za su zauna. Aikinsu su riƙe jiki in wahala ta daɗe, yunwa ko ciwo ko fari." Sai ya ɗebi dawa ya ajiye can bakin faifan. "Waɗannan kuwa ba a nan aka yi su ba. Can baya suke fitowa, inda lakar gadon baya take fara ginuwa. Sai su taso, ba ƙafa ba ido, su ratsa jikin ɗan tayin har su iso." Yana faɗa yana turo dawar da yatsa, ƙwaya bayan ƙwaya. "A jikin mutum, in sun iso sai su dunƙule a tsakiya, 'yan gida su kewaye su. A jikin kunkuru sai su bazu cikin 'yan gida, nan kaɗan can kaɗan. In na zuba masu wani magani mai ruwan lemo sai su rine su yi duhu, shi ya sa kike ganinsu. Rabin rayuwata na yi ina son in san yaushe suke isowa, yaushe kuma suke fara aiki."

Na ce, "Mene ne aikin nasu?"

Ya ce, "Abin da ya same ki ɗazu a gindin turmi. In haɗari ya zo, su ke sako wani sinadari cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙaru, jini ya bar fata ya koma ƙafafu. Shi ya sa hannunki ke sanyi. Wa ya tsallakar da ke danga da goyo a hannu? Ke kin san ba ƙarfinki ba ne."

Na ƙura wa faifan ido.

"Ɗiyata, ki saurare ni da kyau. Tun halitta ba ta fito duniya ba, tun ba ta yi laifi ko lada ba, Allah Yake gina mata wurin tsoro, don Yana son ta rayu. Ba rashin imani ba ne. Naki ya yi aikinsa ranar nan, ya fid da ke da ɗiyarki. Abin da ya rage, har yanzu bai samu labarin an gama ba. Shi za mu yi ta gaya mawa a hankali."

Na kifa kai a tebur na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar gonar. Kawu bai iya lallashi ba. Ina jin sa yana kai-kawo a bayana a ɗan ɗakin nan, makullai na ƙara, har na gama.

Bai hana ni rubutu ko addu'a ba, shi da kansa yake tofa mini. Amma ya kai ni asibiti, ya tsaya har na ga likita na faɗi abin da ke damuna da bakina. Ya kuma ɗora mini aikin ba kunkuraye abinci safe da yamma, ya ce hannu in yana aiki ƙirji yakan lafa. Dattijuwar nan da ta sake zuwa da maganarta, ya tare ta a soro ya gaishe ta da ladabi, ya ce, "Gwaggo, in za ki shiga ki yi mata addu'a, bismilla. In wa'azi ne, an yi mata na yau." Ba ta ƙara ba.

Akwai abin da ban lura da shi ba sai da aka daɗe. Kawu da babur ɗinsa kamar mutum da takalminsa ne, tsohon babur mai ƙara, kullum a soro yake tayar da shi. Wata safiya ina shara sai na tuna rabon da in ji wannan ƙarar tun zuwana. Na tambayi Inna ko ya lalace. Ta ce, "Leƙa ki gani." Na leƙa ta ƙofar soro. Ga Kawu can, dattijo mai furfura, ya tattare babbar riga a kafaɗa, yana tura babur cikin taɓon damina. Ya wuce gidan mai hatsi, ya wuce masallaci, ya sha kwana. Sai can na jiyo ƙarar kaɗan-kaɗan, daga nesa. Inna ta ce haka yake yi tun ranar da ya kawo ni, in zai dawo ma a can yake kashe shi ya turo. Mutumin da ba ya iya jiran shayi ya huce. Bai taɓa faɗa mini ba, ni ma ban taɓa nuna masa na gani ba.

Ban warke tas ba, ba zan yi ƙarya ba. Har yau in babura suka wuce a jere sai na dafa bango. Amma yanzu na san sunan abin, na san daga ina yake tasowa, ina kuma jira ya wuce ba tare da na tsani kaina ba. Maigidana ya dawo Dutsin-Ma, muka kama ɗaki kusa da gidan Kawu, yana zuwa gona in hanya ta yi kyau.

Ciwon ajalin Kawu shanyewar ɓarin jiki ne. Ya faɗi a hanyar masallaci, aka kwantar da shi asibiti, daga baya aka dawo da shi gida. Ban taɓa ganin abin tausayi irin kwanciyar nan ba. Ba ya kukan ciwo, kwanciyar ce take cinsa. Hannun da ke motsi ba ya hutawa, yana ƙwanƙwasa katakon gado, yana jan zanen shimfiɗa, yana nuna ƙofa. Harshensa ya yi nauyi amma ana gane shi. Ya sa babban ɗansa ya kai akwatin gilasan jami'a, wata malama a sashen dabbobi ta karɓa da hannu biyu, ta ce za ta riƙa nuna wa ɗalibai. Kunkurayen ya ce ni da Inna mu san yadda za mu yi da su. Har yanzu ba mu yanke ba. Kawu Babba, da tsufansa da sandarsa, aka kawo shi daga Kurfi ya zauna a bakin gadon wuni guda yana jan carbi. Ba su yi wata magana mai tsawo ba. Da zai tafi ya dafa kan ƙaninsa ya ce, "Malam, ka kwanta mana. Ba inda za ka makara."

Wata yamma, kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa, ya matsa sai an fita da shi. Inna ta ce likita ya hana. Ya yi ta bugun gado har ta ce, "To, zo ki kama mini." Muka tayar da shi, ita a dama ni a hagu, ƙafarsa ɗaya tana jan ƙasa. Ya yi nauyi fiye da yadda na zata. Muka ratsa tsakar gida, muna tafiya muna hutawa, yana cewa, "Mu je, mu je." Muka shiga soro. Muka kai ƙofar gida.

Ya jingina da dogarin ƙofa yana haki. An yi ruwa da rana, ƙasa tana ƙamshi. 'Yan Islamiyya suna dawowa, mai hatsi yana rufe shago, wata mata ta wuce da tallan awara. Mai hatsi ya hango shi ya taho da sauri yana cewa, "Malam! Kai ne a tsaye?" Kawu ya ɗaga masa hannu. Ya dubi hanyar ta gabas, ya juya ya dubi ta yamma, ya daɗe yana kallo. Ina jin bugun zuciyarsa a kafaɗata, yana raguwa a hankali har ya daidaita.

Sannan ya ce, "To. Ya isa haka. Ku mai da ni."

Ni da Inna muka dubi juna. Tunda nake da Kawu ban taɓa jin ya ce wani abu ya isa ba. Muka mai da shi, ya kwanta, hannun nan ya lafa a kan ƙirjinsa. Bai ƙara neman fita ba.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo, wanda ya ƙare kwanakinsa yana mamakin aikinKa a cikin ƙwai. Ka yafe masa gaggawar harshensa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka amintar da shi daga firgicin ranar tsayuwa kamar yadda ya tsaya mini a ranar nawa firgicin. Ka ba Inna haƙuri, Ka ba Kawu Babba haƙuri. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.